Soso da Makulli

Ina ɗan shekara sha bakwai na sauka a Iddo
da ƙunshin tsumma da sunan wani ɗan garinmu.
Aikin farko da Legas ta miƙo mini:
soso, bokiti, da motar Lauya Oyediran.

Kadilak ce, ja kamar tsakiyar kankana,
doguwa, sai ka ce kwalekwalen Epe aka sa wa taya.
Rufinta na tamfol ne, yana naɗewa baya
kamar dattijo ya tuɓe hula don ya sha iska.
Na san kowane lungu nata.
Na san inda sabulu ke maƙalewa a gindin madubi,
na san ƙamshin farar fatar kujerunta da hantsi,
amma ban taɓa zama a cikinta ba.
Ko da wasa.

Shekara arba'in da ɗaya.
Albasa ta yi mini rana a kasuwar Mile 12.
Lauya ya rasu, 'ya'ya sun watse ƙasashen sanyi,
autansu ya dawo sayar da gidan Ikoyi.
A bayan gida na same ta, tayoyi huɗu sun durƙusa,
kyanwa ta haihu a kujerar direba,
ganyen mangwaro ya cika mata ciki.
Yaron ya ce, "Baba, wannan ai ƙarfe ne kawai."
Na ce to a sayar mini da ƙarfen.
Ban taya ba. Ni da nake jan ciniki a kan buhu guda
har mai saye ya yi zufa.

Balaraba ta leƙo ta taga a Agege,
ta ga an jawo ta da igiya kamar saniyar da ta ƙi tafiya.
Ta ce, "Malam, mota ka sayo ko jinya?"

Jinya ce.
Udoka na Ladipo ya jujjuya kafireto a hannunsa,
ya ce ko ubangidansa bai taɓa ganin irinsa ba,
amma in dawo Laraba.
Laraba tara na yi ina dawowa.
Rafi'u bakanike ya kwana uku a ƙarƙashinta,
ya fito baƙi ƙirin yana yi mata kirari da Yarbanci.
Ranar da ta yi tari, ta ƙara tari, ta kama,
kajin unguwa suka tarwatse,
ni kuwa na juya baya,
wai hayaƙi ne ya shigar mini ido.

Daga Agege zuwa Oshodi takan shanye ribar buhu biyu.
Ba ta shiga layinmu sai mai ƙosai ta janye teburinta.
Direbobin danfo kan leƙo:
"Alhaji, gidan tarihi yana can gaba!"

Lahadin nan na hau Gada ta Uku, rufi a naɗe,
Balaraba a gefena ta danne gyale da hannu biyu.
Iskar ruwa tana dukan fuska,
masuntan Makoko can ƙasa, ƙanana kamar tsaba.
Sai hadari ya taso ta Ebute Meta, gosulo ya tsaya cak.
Na danna maɓallin rufi.
Ya ɗago rabi, ya yi tunani, ya tsaya
kamar mai gaisuwar da ya manta sunanka.

Ruwa ya ɓarke.
Legas duka tana kallonmu ta rufaffun gilasai:
tsoho da tsohuwa zaune a cikin jan baho.
Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.
Sai na ji dariya,
irin wadda rabona da ita tun kafin a yaye Sagir.
Tana tara ruwa a tafin hannu
tana watsa mini.

Da asuba, bayan salla, na fito da bokiti.
Yaron maƙwabta ya rugo: "Kawo, Baba, in wanke maka."
Na ce a'a.
Na buɗe masa ƙofa, na danƙa masa makulli,
na ce shiga ka zauna, riƙe sitiyari da kyau.

Ni na san inda sabulu ke maƙalewa.